Kuɗin Igiya Daban

Harisu ya faɗo rumfata da talho a hannu,
ya ce, Kawu, jirgi ya yi araha,
jika talatin, Maraɗi zuwa Yamai,
kafin shayinka ya huce ka sauka.
Ni da na saba wuni cikin bas,
gwiwa a haɓa tun Ƙonni har Doso,
na ce, latsa, ɗana, latsa.

Ya latsa. Allo ya ce jika biyu ladar latsawa.
Ya ƙara, sai ga kuɗin kujera.
Na ce, da can a tsaye za a kai ni?
Ya ce ta bakin taga ce mai tsada.
Na ce ba ni ta tsakiya, ba kallo ya fito da ni ba.
Ashe ita ma da nata.

Talata na yi sammako daga Bagalam,
akwati biyu bisa kabu-kabu,
takalmi ƙafa arba'in, fatar jar akuya,
ɗinkin wata uku don baje koli.

A kanta wata yarinya, Zuwaira a rubuce a ƙirji.
Baba, ina takardar shiga?
Na miƙa rasit. Ta ce ba ita ba,
tun jiya ya kamata ka tabbatar ta waya,
in ni na buga maka, jika biyar.
Takardar ba ta cika tafin hannuna ba.

Sai sikeli.
Na san sikeli, ubana awon gyaɗa ya yi har ya tsufa,
amma ban taɓa ganin wanda allurarsa
ke nuna aljihun mutum ba.
Ta ce tikitinka jikinka kaɗai ya ɗauka.
To, tunda jiki kyauta ne,
na durƙusa na buɗe akwati a tsakar jama'a,
na sa riga bisa riga bisa riga,
takalmi huɗu kowane aljihu,
shida na rataya a wuya kamar mai bada magani.
Kilishin ƙanwata na ba mai shara,
ya yi ta godiya, ni ina zufa.
Bayana wani dattijo na kwankwaɗar furarsa a tsaye
don kada a auna gorar.

Jirgin ƙarfe takwas ya zo bayan azahar,
ba wanda ya ce mana sannu.
A sama ƙishi ya kama ni,
ruwa ɗan mitsitsi, dala ɗari.
Na haɗiyi miyau, shi dai ba a sa masa farashi ba tukuna.
Na ƙirga da yatsu cikin riguna uku:
talatin ta haihu, ta yi jikoki,
saba'in da huɗu.
Araha ba ta ado, ni ga shi ta yi mini,
har da sarƙar takalmi.

Bayan sati shida, ina zaune ina huda fata,
sai ga Zuwaira, ba rigar aiki,
ta ɗaga wani ja mai ɗinkin kore.
Nawa, Baba?
Ba ta gane ni ba, da riga ɗaya.

Bakina ya cika da lissafi:
tafin jika biyu,
igiya daban,
na hagu sai an tabbatar tun jiya,
gwadawa dala hamsin, leda kuma mu gani.

Na dubi ƙafarta.
Dunduniya ta kumbura, irin ta mai wuni tsaye
tana faɗin farashin da ba ita ta yanka ba.

Jika uku, na ce, duka biyun.
Ta tsaya tana jiran sauran maganar.
Na ce shi ke nan, 'yata, babu saura.
Sai da ta kai bakin titi ta sake waiwayowa.